Ɓarawon Sandar Giya a Gidan Makoki

Ko me zan manta a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai Baba Jibo makwancinsa ba. Rana ce ta baƙin ciki, wannan kowa ya sani a unguwarmu. Amma ni sai da na haɗa baƙin cikin da abin kunya, irin kunyar da har yau in ta faɗo mini a rai ina cikin cin tuwo sai in ajiye lomar. An kwana biyu da yin abin, amma har yanzu a tashar Gaya in ka ce "an sace", kafin ka rufe baki wani zai ƙarasa maka da dariya. Don haka gara in ba ku labarin da bakina, tun kafin ku ji shi wurin masu ƙara gishiri.

Ni direba ne, kuma Baba Jibo ne ya mai da ni direba. Tun gemu bai fito mini ba mahaifina ya ja hannuna ya kai ni wurinsa ya ce, "Ga shi nan. Noma ya ƙi shi, kamun kifi ya ƙi shi, ka gani ko ƙarfe zai karɓe shi." Baba Jibo na da wata tsohuwar bashe fara (bashe, ga wanda ba ɗan ƙasarmu ba, ita ce motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tamfal), da ita yake jigilar albasa da shinkafa da kifi tsakanin Gaya da ƙauyuka, wani lokaci ya tsallaka gada zuwa Malanbil. A gidansa na ƙarasa girma, a kwanonsa na ci, shi ya yi mini parmi na tuƙi, shi ya yi mini aure. Ƴarsa Bibata ni nake ɗorawa a kafaɗa in kai ta lakwal, wato makarantar boko. Har gobe Yaya take ce mini, ko da yake ita yanzu Hajiya ce mai shagunan atamfa, ni kuwa ina nan inda ta bar ni.

Baba Jibo bai iya koyarwa da baki ba. Da hannu yake koyarwa, kuma hannun nasa iri biyu ne. Na farko shi ne ya ɗora tafinsa a bayan hannuna a kan sandar giya, ya riƙa tura ni yana ƙirga mini, ɗaya, biyu, uku, har hannuna ya haddace hanya. In na sunkuyar da kai zan duba sai ya daka mini tsawa: "Kada ka kalle ta! Kalli hanya. Hannunka zai same ta. Tana nan inda ka bar ta, ba ta zuwa ko'ina." Na biyu kuwa ranƙwashi ne. In na saki ambiriyaji da garaje (wato abin takawa na ƙafar hagu, wanda mutanen Kamba ke ce wa kuloci) mota ta yi tsalle, sai in ji ƙwas! a ƙeya. Ba zagi, ba dogon bayani. Abin da kawai zai ce shi ne, "Mutane ka ɗauko, ba gawayi ba." Ƙeyata ta sha ranƙwashi har nake zargin shi ya sa gashin wurin ya riga na ko'ina zubewa.

Ranƙwashin ya yi rana, ba zan yi ƙarya ba. Sai da ya kai a tasha tsofaffi da masu ciki da masu ɗauke da ƙwai suna ƙin shiga wata mota su zauna jiran tawa. Ni kuma da ma ba a bar ni a baya ba wajen baki. In muna zaune a inuwa motocin nan na zamani suka wuce, waɗanda ake kawowa daga Kotonu, masu canza giya da kansu, sai in taɓe baki in ce, "Wannan ba mota ba ce, kujera ce mai taya. Ko akuya aka ɗora a ciki za ta kai ta Doso." A yi ta dariya, ni kuwa ina ƙara miƙe ƙafa. Ban taɓa zama a gaban irinsu ba ko sau ɗaya, kuma alfahari nake yi da hakan.

Da tsufa ya kama Baba Jibo sai ya miƙa mini makullin bashe ya ce in ci gaba. Da ciwo ya kwantar da shi kuma, lokotoro, wato likita, ya gwada iya ƙoƙarinsa ya ce a mai da shi gida. Wata rana da hantsi na je gaishe shi, na tarar da ƙaninsa Baba Saini a zaune, Bibata tana yi masa fifita. Ya rame har tausayi ya hana ni kallonsa sosai. Sai ya yafuto ni ya ce in ta Allah ta kasance, a ƙauyensu da ke bayan Bengu yake so a binne shi, kusa da mahaifiyarsa.

"Kuma kai za ka kai ni," in ji shi. "Ba na son yaran nan su yi ta wujijjiga ni a hanya kamar buhun albasa. Ka kai ni a hankali."

Na ce, "Haba Baba, ka daina irin wannan magana."

"Na ce ka ji?"

"Na ji, Baba."

Wannan shi ne duk abin da ya taɓa roƙona tun da nake da shi. Abu guda ɗaya tak.

Ya cika da safe, cikin damina. Labarin ya same ni a bakin kogi, na gama sauke ɗanyen kifi ke nan. Ban san yadda na iso gida ba. Na sa ruwa da sabulu na wanke bayan bashe, na sake wankewa, na karɓi turaren wuta wurin matata na turara ta kamar amarya, sannan na kawo ta ƙofar gidan makoki. Baba Saini ya fito, ya zagaya ta, ya shaƙi iska sau ɗaya, ya kalli ƙudajen da suka rako ni tun daga kogi. Ya ce, "Ɗana, na san niyyarka. Amma ba za mu kai yayana gaban Ubangijinsa yana ƙarnin kifi ba." Gaskiyarsa ce, don ni ma ina jin ƙarnin.

Maganar ta shiga cikin gida wurin mata, sai ga wata tsohuwa ta fito da makulli a hannu ta ce Hajiya ta ce a ba Yayanta. Motar Bibata na nan tsaye a gindin dalbejiya tun safe, don da kanta ta tuƙo ta da aka kira ta. Wata ƙatuwar baƙar mota ce ƴar Amurka, mai buɗaɗɗen baya, da ita take ɗauko dilolin atamfa. Na sha ganinta a gari ina kau da kai. Ranar da ta kawo ta ma ta ce in zo in ɗana, na ce mata, "Ki bar ni da tsohuwata, ni ba na hawa kujera."

Kafin nan ƙofar gida ta cika maƙil. Direbobin tasha, masunta, ƴan kasuwa, mutanen Malanbil da suka tsallako, wasu na cewa "ya haƙuri", wasu na cewa "fonda tilas" da nasu harshen. An yi masa wanka, an sa shi a likkafani, mata sun yi bankwana da shi a ciki, aka fito da makara. Daga ƙauye aka bugo waya aka ce an gama haƙa kabari, amma a hanzarta, don hadari ya fara haɗuwa a gabas, kada ruwa ya cika ramin. Aka shimfiɗa tabarma a bayan motar aka ɗora makarar, maza suka zauna gefe da gefe. A gaba kujera ɗaya ce doguwa: ni, sai Baba Saini a tsakiya, sai liman a bakin ƙofa.

Na yi bisimilla na murɗa makulli. Inji ya tashi a hankali kamar mage na gurnani. Na ɗaga kai na kalli hanya, yadda aka koya mini. Ƙafata ta hagu ta tafi neman ambiriyaji, ta dira a ƙasa. Hannuna na dama ya tafi neman sanda, ya damƙi iska. Na ce a raina motar ce mai faɗi, sai na ƙara miƙa hannu, na kama wani abu mai tauri na tura shi gaba.

"Ɗana," in ji Baba Saini, "gwiwata ce."

Nan ne na karya dokar Baba Jibo na sunkuya na duba. Jama'a, babu komai. Fili ne fetal tsakanina da Baba Saini, shimfiɗe da baƙin roba. Na leƙa ƙarƙashin kujera. Na tuna an ce wasu a jikin sitiyari ake sa musu, sai na ja wani ɗan ƙarfe da na gani a wurin, ruwa ya feso a gilashi, abin sharewa ya shiga kaiwa da komowa a gaban mutane. Na yi maza na mai da shi.

(A nan dole in faɗi gaskiya: na ga abin. Wani ɗan kewayayyen maɓalli ne mai ƙyalli, bai fi murfin kwalbar man shafawa ba, yana nan kusa da rediyo. Na gan shi sarai, har na janye hannuna daga kusa da shi da gangan. Na ce wannan na ƙara murya ne, in na kuskura na taɓa kiɗa ya tashi a gidan makoki, ina zan sa kaina? Kun ji irin hankalin da Allah ya ba ni ranar.)

To, mu mutanen tasha mun san wani abu guda game da motocin da ake kawowa daga bakin teku: ba sa isowa da cikakkun kayansu. Wata ta zo ba madubi, wata ba rediyo, wata an zare mata abin da ba ka ma san ana iya zarewa ba. Ga motar nan tun safe tana tsaye gilashi a sauke, mutane na ta wucewa. Ga ni ban karya ba, zuciyata a cushe, ban samu na yi kuka ba tun da aka faɗa mini. Duk abin ya taru ya hau mini kai lokaci guda. Ban yi shawara da kowa ba, na banko ƙofa na diro, na ɗaga murya yadda na saba kiran fasinja:

"Jama'a! Wane marar tsoron Allah ne ya cire sandar giyar motar nan? A gidan mutuwa? Gawa na kwance, kai kana sata? Wallahi duk wanda ya ɗauka ya fito da ita yanzun nan!"

Har kukan da ke fitowa daga cikin gida ya tsaya. Sai na ga idanu suna juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa wuri guda. Isufu makanike ne, mai garaji a bayan tasha, mai sai da tsofaffin kayan mota. Tun safe yana jingine da motar don inuwa, kuma ya baro aiki ne a guje, hannunsa duk baƙin mai. Ban ambaci sunansa ba, Allah shaida. Amma ni ma na kalle shi, kuma kowa ya ga na kalle shi. Mutumin da muka yi shekaru muna shan shayi a kofi ɗaya.

"Ni?" in ji Isufu. "Ni, a gidan Baba Jibo?"

Ya kama rigarsa ya ɗaga har ƙirji a gaban dattawa. Ya zazzage aljihunsa: carbi ne da ɓarin goro. Sannan ya zo ya leƙa cikin motar da kansa, ya shafa ƙasan, ya ɗago a ruɗe ya ce, "Amma fa ko ramin da take shiga babu."

Na ce, "Kun ji ko! Har ramin ya toshe. Wannan ƙwararre ne."

Ni na faɗi haka. Da bakina, da furfurata, a gaban liman.

Wani daga baya ya ce to a tura ta mana, wataƙila in ta motsa a san abin yi. Sai ga manyan mutane da fararen riguna sun jingina kafaɗa suna nishi. Motar ko gezau, sai dai ta ɗan yi gaba ta dawo, ta yi gaba ta dawo, makara na girgiza a baya. Ina tsaye ina kallon likkafanin yana motsi, maganarsa na dawo mini: ka kai ni a hankali. Ko ƙofar gida ba mu bari ba na fara wujijjiga shi.

Aka yi tsawa daga gabas. Dattawa suka haɗa kai, na ji ɗaya yana cewa, "Lokaci na tafiya. A sauke shi a sa a motar haya, wani ya ja." Baba Saini ya kalle ni, ya sunkuyar da kai, bai ce a'a ba. Mutum huɗu suka hau suka kama makarar. Ba kunyar ce ta fi damuna a lokacin ba. Abu ɗaya mutumin nan ya roƙe ni a duniya, ga shi ana zare shi daga hannuna ina kallo.

Sai na ga mutanen bakin zaure suna darewa.

Kun san al'adarmu: in an fito da gawa, mace ta gama nata, ba ta biyo ta waje. Bibata ta riga ta yi bankwana da mahaifinta a ɗaki, an ce da ƙyar aka ɓamɓare ta daga jikin makarar. Amma ihuna ya shiga har cikin gida, an ce mata an yi sata a motarta kuma za a sauke Baba. Ga ta nan ta fito ba takalmi, mayafi ya rufe rabin fuskarta, idanunta sun kumbura, tana ratsa taron maza. Kuma ba yadda za ta iso wurina sai ta bi ta gefen mahaifinta. Da ta zo daidai shi sai ta tsaya, ta dafa ƙarfen motar. Ni na jawo mata wannan. Bankwana biyu ta yi da ubanta a rana ɗaya saboda wautata.

Ta ce wa masu riƙe da makara, "Ku ajiye shi. Baba ya faɗi wanda zai kai shi." Ba ta ɗaga murya ba, amma suka ajiye. Ta juyo ta ce, "Yaya, shiga."

Na shiga kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Liman da Baba Saini sun riga sun sauko, sai ta zagaya ta ɗaya ƙofar ta zauna a bakin kujera. Ta naɗe hannunta da gefen mayafi, ta kamo hannuna ta ɗora a kan maɓallin nan da na yi ta gudu, ta ɗora nata a sama.

"Taka birki da ƙafar dama. To, murɗa. Ɗaya, biyu, uku."

Abin ya yi ƴar ƙara sau uku, na ji motar ta ɗan yunƙura a ƙarƙashina. Amma ni ba motar nake ji ba. Tafin hannun nake ji a bayan nawa, gajerun yatsu masu nauyi irin na ubanta sak, da ƙirgar nan da ban sake ji ba tun ina yaro.

"Shi ke nan," in ji ta a hankali, yadda ni kaɗai zan ji. "Ba wanda ya saci komai, Yaya. Haka aka ƙera ta. Kada ka sake taɓa shi har ku isa. Ƙafar hagu kuma ba ta da aiki a nan, ka ajiye ta."

Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ta sauka, ta je gaban Isufu ta ɗan rusuna ta ce, "Malam Isufu, ka yi haƙuri, a madadin gidan nan." Sannan ta koma ciki ba ta waiwaya ba. Isufu ya mai da carbinsa aljihu, ya hau bayan motar ya zauna ta wajen kan makarar.

Baba Saini da liman suka koma wurinsu, muka kama hanya. Motar tana canza giyarta da kanta, ni ina zaune kamar baƙo a gidan mutane. Lokaci lokaci hannuna na dama ya ɗaga zai tafi aikinsa, in kamo shi in mai da shi kan sitiyari. Baba Saini dai ya janye gwiwarsa can nesa. Gero da dawa sun yi kore shar a gefen hanya, sama ta yi baƙi ƙirin a gabanmu. A hankali na fara samun natsuwa. Na ce a raina, to Baba, an yi abin kunya, amma ga shi ina kai ka, kuma ko kofin ruwa aka ɗora a kanka ba zai zube ba.

Ashe da saura.

Akwai wurin da ake barin kwalta a gangara jar hanya mai zuwa ƙauyensu, da wani ɗan kwari da ruwa ke kwanciya a ciki. Tun ina yaro nake bin wurin nan, kuma ban taɓa isa can ban sauko giya ta biyu ba. Ba tunani nake yi ba, jiki ne ke yi. Muna isa, ƙafata ta hagu ta tashi da kanta, ta sauka da duk ƙarfin da ta saba danna ambiriyajin tsohuwar bashe mai taurin tsiya. Birkin motar nan kuwa faɗi gare shi kamar faranti. A kansa ta sauka.

Motar ta ƙame wuri guda. Liman ya tafi gaba, rawaninsa ya zamo masa har hanci. Na ji mutanen baya sun zube kan juna suna salati. Makarar kuma ta zamo a kan tabarma, ta taho, kanta ya bugi ƙarfen da ke bayan kujerata, daidai ƙeyata.

Ƙwas!

Ban iya waiwayawa ba. Na kifa kaina a kan sitiyari, kukan da ya ƙi zuwa tun safe ya ɓalle mini gaba ɗaya, da murya, kamar ƙaramin yaro. Ina ta cewa, "Ya ce in kai shi a hankali. Ya ce in kai shi a hankali." Ban damu da liman ba, ban damu da motocin da suka tsaya a bayanmu ba. Na ji na gama tozarta mutumin da ya yi mini komai.

Can na ji kafaɗar Baba Saini tana girgiza a jikina. Na ɗauka kuka yake yi. Da na ɗago, hawaye ne a fuskarsa ƙwarai, amma dariya ce ke neman shaƙe shi. Ya share ido da hannun riga ya ce, "Jibo ke nan. Har a likkafani bai fasa ranƙwashinka ba."

Liman ya toshe baki da gefen rawani yana istigifari, kafaɗunsa shi ma suna rawa.

Sai aka ƙwanƙwasa gilashin baya. Isufu ne, ya rungume makarar da hannu biyu. Ya ce, "Lafiyarsa lau, na riƙe shi. Ja mu tafi, ruwa na zuwa."

Baba Saini ya dafa ni ya ce, "Share idonka, ɗana. Da wanda ba ya kuskure yake so, da bai ce kai ba. So yake ya yi tafiyar ƙarshe da wanda ya saba ranƙwasa. Kai shi gida."

Na cire takalmin hagu, na naɗe ƙafar na zauna a kanta kamar mai zaman tahiya, don kada ta sake yi mini shisshigi. Haka na ratsa kwarin, haka na bi jar hanyar nan a hankali, ina kauce wa kowane rami kamar yana zaune a gefena yana kallo. Mun isa ana yayyafi. Da na tsaya, sai da na tsura wa maɓallin ido, na ƙirga baya sau uku, sannan na saki birki ina addu'a. Na sauko da ƙafa a sage, ina ɗingishi da takalmi ɗaya, mutanen ƙauye suna tambaya ko hatsari muka yi. Aka yi masa salla, aka sa shi kusa da mahaifiyarsa. Ruwan bai sauko sosai ba sai da muka juyo.

Bayan an share makoki na je garajin Isufu na durƙusa na nemi gafara. Ya ce ya yafe duniya da lahira. Sai dai har yau duk ranar da na kai masa gyara, yana hango ni zai ajiye abin da ke hannunsa ya ɗaga riga har ƙirji, yaran garaji su fashe da dariya. Ina haƙuri, don ni na saya da kuɗina. Bibata kuwa ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, kuma wannan shirun nata ya fi dariyar tasha duka yi mini nauyi. A inuwar tasha ma yanzu in motocin zamani suka wuce, sai in sami abin da zan duba a ƙasa. Na ce ko akuya za ta kai ta Doso, ni kuwa ƙofar gida na kasa barin ta da ita.

Darasin da na ɗauka ba mai yawa ba ne, amma na biya shi da tsada: in ka laluba ka rasa abu a motar da ba taka ba, ka aika a tambayi mai ita a asirce kafin ka tara jama'a ka yi musu wa'azi. Kuma abin da ka raina a inuwa, wata rana a gaban liman zai jira ka.

Na koma kan tsohuwata, da ƙarnin kifinta da komai. Washegarin da na fara fita aiki na zauna na kalli hanya, na miƙa hannu ban duba ba, sai ga sandar ta faɗo cikin tafina. Tana nan inda na bar ta, ba ta je ko'ina ba, yadda ya faɗa. Shi ne dai ya tafi.

Wani lokaci in na iso kwarin nan ba fasinja, nakan saki ambiriyaji da garaje da gangan, mota ta yi tsalle. Sai in noƙe wuya ina jira. Ba abin da ke zuwa.